Surukin Mutanen Taya

A gungu aka haife ni, tsakiyar Kuwara, ƙasa da Yelwa, kuma gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa mini: mutanenmu akwai ji da kai. Ba ƙage aka yi mana ba. Mutumin gungu in ya tsallako kasuwa da albasarsa, tafiya yake kamar shi ya haƙa kogin. Albasar kuwa ta isa a yi taƙama da ita, ja ce mai nauyi, in aka yanka guda ɗaya a ɗaki har na zaure sai ya share ido. Fatake sukan zo su tsuguna a bakin ruwa suna jiranmu, mu kuma mu yi ta jan jiki sai mun ga dama. Duk wanda ba a ruwa aka haife shi ba, kazar tudu muke ce masa. Da Allah ya tashi nuna mini iyakata, sai ya aurar da ni ga kazar tudu.

Malam nake ce masa, kamar yadda kowa ke ce masa, don shi ne mai bishara a ƙauyen da ke kan tudu daura da gungunmu. A ɗakin shan magani na mishan ya fara ganina. Na kai Inna ciwon ido, shi kuma yana tsaye yana yi wa masu jiran layi wa'azi, ko suna so ko ba sa so. Dogo ne siriri, ga murya kamar ta mutum biyu. Shekarar da aka samu 'yancin kai aka yi aurenmu. Baba bai hana ba. A lokacin shi ba ya masallaci ba ya majami'a, cewa yake ruwa ya san shi, shi ma ya san ruwa. Sharaɗi ɗaya ya kafa, wanda ake kafa wa duk mai neman aure a gidanmu, wato a zo a yi masa ban ruwan albasa da rani.

Nan Malam ya gamu da gamonsa. Ranar farko da aka ɗauko shi a jirgi, bai zauna kan katako kamar kowa ba. Ƙasan jirgin ya zauna, cikin ruwan da ya taru, hannu ɗaya riƙe da wannan gefe, ɗaya riƙe da wancan, ido a rufe, baki na motsi. Da aka iso gaɓa ya yi gaggawar fita, ƙafa ta zame, sai ga shi a ruwa yana kururuwa a cece shi. Ruwan nan ko gwiwa bai kai ba. Baba da kansa ya kamo shi ta wuyan riga ya tsayar. Duk gungu aka fito kallo, har tsofaffin da suka daina fita. Aka yi dariya ran nan, aka yi washegari, kuma har na yaye ɗana na fari, in yaro ya zame a taɓo sai a ce ya yi faɗuwar Malam. Ya yi ban ruwansa ya gama, ya ɗauki matarsa, amma abin bai bar zuciyarsa ba. Na sani, don duk ranar da za mu tsallaka gaisuwa, ciwon kai ke kama shi tun da safe.

Ga kuma surukuta ta tsaya tsakaninsu. A wajenmu suruki ba ya kallon uban matarsa ido cikin ido, ba ya ci a gabansa, ba ya ja masa magana, shi ma babban ba ya kiran ƙaramin kai tsaye. Tun daga nesa Malam zai tuɓe takalmi ya tsuguna ya sunkuyar da kai, a gaisa, shi ke nan. Duk abin da ya wuce gaisuwa ta kaina yake bi. Ko tabarma ɗaya ce tsakaninsu, Baba zai ce, "Gaya ma mijinki ya sha hura." Ni kuma in juya in ce, "Malam, Baba ya ce ka sha hura." Malam ya ce, "Gaya ma Baba na gode, na ƙoshi," alhali cikinsa na ƙugi har ni ina ji. To mutum mai murya irin ta Malam, ga haushi a ciki, ga ba damar buɗe baki, ai dole maganar ta nemi wata ƙofa.

Ana nan sai ga masu awo sun fara yawo a gaɓa da sanduna da jan fenti. Suka ce ana tare Kuwara a Kainji, in an gama ruwa zai taso ya haɗiye gungaye duka. Mutanenmu suka sha dariya. Baba ya ce wanda zai tare Kuwara ya fara tare ruwan indararo su gani. Amma shekara ta juyo, wata ta biyo, motocin siminti suka fara shigowa, gwamnati ta soma jera wa mutanen gungu gidaje a gindin tudunmu, ƙanana masu kama da juna, ko ɗiyar gida sai ta ɓace a cikinsu.

Majami'armu a lokacin ɗaki ce ta laka da jinka a ƙwanƙolin tudu, da taga ɗaya mai kallon kogi. Ƙararrawarmu tsohon wilin mota ne rataye a jikin ɗorawa. Yawanmu kuwa, in akuya ta leƙo sai a ga wuri ya cika. A cikin littattafan annabawa akwai inda ake bin al'ummai ɗaya bayan ɗaya, ana faɗa musu hukuncin girman kansu. Da ma Malam na son wurin nan yadda wasu ke son nama mai kitse. Ya ci Masar, ya ci Babila, ya suɗe hannu. Amma da ya iso kan Taya sai ya yi zaune. Taya birni ne a tsakiyar ruwa, mutanensa masu jirage ne, 'yan kasuwa, masu ganin babu kamarsu a duniya. Kuma an faɗa cewa ruwa zai taso ya rufe shi, abin da zai rage falalen dutse ne inda masunta za su riƙa shanya taru.

Ba zan yi masa sharri ba, bai taɓa cewa gungu ba, ko sau ɗaya. Amma duk lokacin da ya ce Taya, hannun nan nasa mai tsawo sai ya miƙe ta taga, ɗan yatsa ya sauka daidai kan giginyoyin bayan gidanmu. Lahadi bayan Lahadi muna Taya. Ya faɗi yadda Ubangiji ke ƙin mai ɗaga kai, ya faɗi yadda igiyar ruwa za ta daki garu, ya kwaikwayi ƙarar da baki har yara su ƙanƙame iyayensu. Mata kuwa sai su saci kallona su mayar da ido ƙasa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don rabin abin da yake faɗa a kan girman kai gaskiya ne, kuma ba abin da ya kai wannan ciwo.

Wata Lahadi da muka sauko gida na ce, "Malam, Tayar ga taka ina take?"

Ya ce, "Can nesa, bakin teku."

Na ce, "To hannunka mi yaka nema ta taga?"

Ya ce, "Zahi na. Iska nika sha."

Daga ran nan na cire albasa daga miyarsa. Ya ci kwana ɗaya, ya ci na biyu, ya ɗaga kwano ya shinshina, ya tambaya ko wani abu ya samu miyar. Na ce ba abin da ya same ta, na dai ga bai kamata bawan Allah ya riƙa cin kayan Taya ba. Ya ci gaba da cin miyarsa salam, don shi ma a taurin kai ba baya ba ne.

Sai kuma ya tsiri yin tubali na gina sabuwar majami'a babba. Kullum da safe yana bayan majami'a, wando a naɗe, yana kwaɓa ƙasa. Duk wanda ya tambaye shi, amsa ɗaya ce, kuma da fara'a yake bayarwa: "In gungu ya nutse, majami'ar ga za ta cika." Lissafinsa shi ne mutanen gungu za su dawo gindin tudu da karyayyar zuciya, ba su da inda za su sai wurinsa. Ya faɗa wa mata, ya faɗa wa dattawa, ya faɗa wa Bafillatanar da ke kawo mana nono, wadda ba abin da ya dame ta da Taya. Tubali ya taru a gindin tagar nan har ya yi tsibi.

Magana ba ta da wuyar tsallaka ruwa. Ba a jima ba aka fara ce wa mutanenmu mutanen Taya a kasuwa. Da na je gida gaisuwa, Baba na zaune yana gyaran taru, ya ce in ba shi labarin wannan gari da ake jingina musu. Na ce birni ne a tsakiyar ruwa. Ya gyaɗa kai. Na ce jiragensu ba su da na biyu. Ya ajiye tarun. Na ce fatake daga ko'ina suke zuwa su jira su a bakin ruwa. Fuskar Baba ta washe kamar an yi masa albishir.

Ya ce, "Ashe an san da mu cikin littahi! To mi ya hana mijinki hwaɗi tun tuni?"

Na ce ai da sauran labari. Na gaya masa ƙarshen, ruwa da falalen dutse da shanyar taru, kuma wai duk saboda girman kai ne. Ya ɗauki tarun ya ci gaba da ɗinki, amma na ga hannunsa ya sake sauri.

Can ya ce, "Wato in na tashi daga nan, maganar mijinki ta cika ke nan. Za a ce kazar tudu ta hwaɗa, Allah ya sa hannu." Ya ciji zare ya tofar. "To gaya mishi ba ni tashi."

Na ɗauka irin maganar Baba ce ta yau da kullum, wadda yakan manta da ita in tuwo ya sauka. Ba ita ba ce. Daminar da aka rufe ƙofofin dam, wato madatsar ruwan nan ta Kainji, mutane suka fara kwashe kaya. Aka riƙa ganin jinkar ɗaki sukutum tana tsallaka kogi a kan jirage biyu, awaki a ɗaure suna kuka, tsofaffi na zaune kan turmi suna waiwaye. Masu dariyar jan fenti su ne na gaba a layi. Inna ta taho da tukwanenta da kajinta, ta shiga gidan siminti, ta fito ta ce tanderu ne, amma ta zauna. Baba ya rako ta har gaɓa, ya sauke mata kaya, ya juya jirginsa ya koma shi kaɗai.

Ruwan nan bai zo da hayaniya irin ta wa'azin Malam ba. A hankali yake tahowa, yau ya ci tsinken da ka kafa jiya, gobe ya ci wanda ka kafa yau. Kullum da safe nakan tsaya a tagar majami'a, ita wannan tagar, in duba ko hayaƙi na tashi daga gidanmu. In na ga hayaƙi sai in iya karyawa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na san Baba, na san zai iya zama har ruwa ya kai masa wuya, don kawai kada a ce surukinsa ya yi gaskiya.

Na ɗauki jirgi na tsallaka. Na roƙe shi, na yi kuka, na haɗa shi da jikokinsa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce ko a gaban alƙali ba a yanke wa mutum hukunci bai ji ƙarar da aka kai shi ba. Ranar Lahadi zai zo ya ji da kunnensa.

Da na gaya wa Malam, sai da ya nemi wurin zama. Ranar Lahadi kuwa majami'a ta cika kamar yadda ya yi ta fata, har waje, don duk mutanen gungu da ke gindin tudu sun hauro kallo. Baba ya iso da babbar rigarsa ta zuwa kasuwar Yelwa. Bai shiga ba, ba zai zauna ƙarƙashin rufi ɗaya da surukinsa a tsaye a kansa ba. Ya zagaya gindin taga, ya ga tsibin tubali, ya kakkaɓe ya hau ya zauna, kansa daidai tagar. Malam ya dubi taga, ya ga hular surukinsa a inda ya saba miƙa hannu. Ya sunkuya ya tuɓe takalmi a gaban jama'a, ya tura hannun nan cikin aljihu.

Aka yi waƙa, aka yi addu'a. Malam ya buɗe Littafi a wurin da ya saba, wurin har ya yi baƙi da yatsa, ya fara daga inda ruwa ke tasowa. Bai yi nisa ba sai muryar Baba ta shigo ta taga.

"Ke, gaya ma mijinki ba a ɗauko labari daga ƙugu. Mi sunka yi, mutanen ga? Ya hwaro daga kai."

Na miƙe a cikin mata na ce, "Malam, Baba ya ce ka hwaro daga kai."

Ya ce to. Ya mayar da yatsa sama, farkon wurin, inda kullum yake tsallakewa don ɗokin ya kai ga igiyar ruwa. Na tabbata ya taɓa karanta shi a makaranta, amma ido yakan wuce abin da zuciya ba ta nema. Ya fara da muryar nan tasa ta mutum biyu. Abin da ke wurin shi ne, ranar da Urushalima ta faɗi, Taya ta yi murna. Ta ga maƙwabciyarta ta rushe, sai ta ce madalla, yanzu jama'a za su juyo wurinta, ita za ta cika tunda waccan ta zama kufai. Wannan ne laifin da aka fara ambata mata.

Kafin ya kai ƙarshen layin, muryar ta koma ta mutum ɗaya, sannan ta koma ta rabin mutum. Babu wanda ke ɗakin nan da bai ji Malam ya faɗi kusan wannan magana da bakinsa ba, yana murmushi, hannu duk laka. Ga tubalin ma a waje, surukinsa na zaune a kai. Wata tsohuwa ta yi tari, wata ta tsunkuli ɗanta don ya yi kuka a samu abin kallo. Ni da na yi wata da watanni ina jiran ranar da za a kama shi, da ranar ta zo sai tausayinsa ya rufe ni, har na kasa ɗaga kai.

Baba ya gyara zama ya ce, "To wagga ba mu ta ba. Mu dai mun yi dariyar wanda ya hwaɗa ruwa, ban musu ba. Amma mun tsamo shi." Ya ɗan dakata. "Gaya mishi ya ci gaba."

Ban ma iya maimaitawa ba, Malam ya ci gaba da kansa. Ya wuce ruwan da falalen dutsen da sauri, kamar mai taka garwashi, ya shiga wurin da ke biye. Nan ma ya tsaya. Ya ce a hankali, ba tare da ya dubi taga ba, wai bayan duk wannan hukunci, Ubangiji ya umurci annabin ya yi wa birnin makoki, ya tuna kyawunsa da jiragensa ɗaya bayan ɗaya, ya yi kuka a kansa.

Baba ya ce, "Kuka? Shi mai hwaɗin hukuncin?"

Na ce, "Malam, Baba ya ce kuka?"

Malam ya ce, "Gaya ma Baba haka anka umurce shi."

Baba ya sauko daga kan tubali, ya kakkaɓe riga, ya gangara bakin ruwa. Na bi shi da gudu ina zaton an gama. Ya shiga jirginsa ya ce labarin ya yi daɗi, a gaida yara. Ya koma gungu.

Malam bai ci abinci ba ran nan, ko da yake na mayar da albasa, har na ƙara. Washegari da sassafe na ji motsi, na leƙa, na gan shi da tubali a ka yana gangarawa gindin tudu. Bai nemi taimakon kowa ba, amma mutanen gungu da suka gane abin da yake yi suka zo suka kama masa, suna yi suna tsokanarsa. A bayan gidan simintin Inna suka tayar da ɗaki zagayayye irin namu, ƙofa na kallon ruwa, da rumfar shanya albasa a gefe. Tubalin sabuwar majami'a kaf ya ƙare a nan. Ranar da aka ɗora jinka, ya wanke hannu ya zo ya tsaya a kaina ina tankaɗe.

Ya ce, "Ɗauko filafili. Kai ni gungu."

Na dube shi na ce, "Ba ciwon kai yau?"

Ya ce, "Akwai. Mu tahi."

Ya shiga ya zauna a ƙasan jirgi kamar kullum, hannu nan hannu can, ido a rufe. Da hantsi muka isa. Ban gane garinmu ba. Lambunan albasa duk sun tafi, sai kan shinge ke leƙowa. Ta hanyar da nake bi zuwa ɗiban ruwa ina yarinya, ta nan na tuƙa jirgi har ƙofar gida. Ɗakuna ba jinka, katangu sun jiƙe suna zubewa, ruwa na shiga ɗakin Inna yana fita. Baba na zaune a kan gadon shanya kifi a tsakar gida, ƙafa a naɗe, goran irin albasarsa a cinya. Wannan irin tun na kakansa ne, kowace shekara daga gonar ake ɗiba a mayar.

Malam ya buɗe ido ya ga surukinsa. Al'ada kuwa ba ta san da dam ba. Ya tuɓe takalmi ya riƙe a hannu, ya zura ƙafa cikin ruwa, ruwa ya kai masa cinya. Sannan ya tsuguna. Ruwa ya haura masa har ƙirji, rigarsa ta kumbura ta taso, takalmi a sama, kai a sunkuye, haƙora na haɗuwa, yana gaisuwa yadda ta kamata, yana tambayar kwana da gajiya. Baba ya amsa duka, bai rage ko ɗaya ba.

Sannan ya ce, "Ke, gaya ma mijinki ya tashi kahin kihi ya shige mishi wando."

Malam ya ce, "Gaya ma Baba ban taho da littahi ba. Ɗaukar kaya nit taho."

Baba ya ce, "Gaya mishi in na shiga jirgin ga, maganatai ta cika."

Malam bai tashi ba. Ya ce, "Gaya ma Baba maganar ta riga ta cika, kaina ta hwaɗa, kowa ya gani. Ruwan ga na gwamnati na. Abin da ke tsakanin Allah da gungun ga ban sani ba, ba a aike ni da shi ba, ni na aiki kaina. Girman kan da nika nuni ta taga, cikin ɗaki yake tsaye."

Na buɗe baki in maimaita, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya daɗe yana kallon mutumin nan da ke tsugune cikin abin da ya fi tsoro a duniya. Sannan ya sauko daga kan gadon, ya kamo shi ta wuyan riga, daidai inda ya taɓa kamawa, ya tsayar da shi. Ya miƙa masa goran irin. Bai ɗauki komai ba bayan wannan sai tarunsa. Ya ɗaure jirginsa a bayan namu, ya karɓi filafili daga hannuna, ya ce tuƙina na tudu ya koma.

Muka fito ta tsakanin giginyoyi. Baba na tuƙi bai waiwaya ba, ni ina tsakiya, Malam na ƙasan jirgi ya matse gora a ƙirji da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da gefe. Da muka kai tsakiyar ruwa sai Baba ya ɗaga filafili ya ɗora a cinya. Jirgi ya juya da kansa a hankali har muka fuskanci gungu. Daga nan ba a ganin komai sai kan katangu da giginyoyi tsaye cikin ruwa.

Baba ya ce, "Malam."

Na juya in isar da saƙo, sai na ga ba da ni yake ba. Tun da aka yi aurenmu bai taɓa kiransa ba sai ran nan. Malam ya ɗago kai, suka dubi juna.

Baba ya ce, "Ka ce an umurci annabinku ya yi ma garin kuka. To yi muna. Ni ba ni iyawa gaban ɗiyata."

Malam ya dubi gungu. Ya fara da lambunan da ya yi wa ban ruwa, ya ambaci gaɓar da ya faɗi, ya ambaci jiragen albasa da ke fita da safe a jere, daga nan magana ta ƙi. Ya yi kuka da muryar nan tasa duka, har masu jirgin da ke nesa suka tsaya suna dubanmu. Ni ma na yi. Baba ya zauna ƙyam, ido a kan giginyoyi, har aka gama, sannan ya mayar da filafili cikin ruwa.

Sai da muka kusa gaɓa na lura. Malam na rungume da goran irin da hannu biyu, jirgi na tangaɗi, kuma bai riƙe gefe ba.